Shanun Huɗa Biyu Ko Kaji Dubu?

Ana danganta wa Seymour Cray, injiniyan nan Ba'amurke da ya ƙera kwamfutocin da babu kamarsu wajen gudu a shekarun 1960 da 1970, wata tambaya ta ba'a. In za ka huɗe gona, me za ka ɗaura wa garma, ƙarfafan shanu biyu ko kaji 1,024? Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu ya san amsa. Cray ya yi tambayar ne don ya rufe bakin matasan da ke cewa a bar wahalar gina ƙatuwar ƙwaƙwalwa guda ɗaya, a tara ƙanana masu yawa su yi wa lissafi gayya. Ya rasu a 1996 bayan haɗarin mota. Yau kajin ne ke huɗar. Duk wata babbar kwamfuta da ke hasashen yanayi, ko take amsa tambayoyin mutane a waya, tarin ƙananan ƙwaƙwale ce dubbai da aka jera.

Abin da ya sa na ɗauko labarin shi ne tambayar da ta yi yawa a bakin matasa kwanan nan: ta wace ƙofa ake shiga binciken ƙirƙirarriyar basira? Masu tambayar suna ɗauka fage ɗaya ne. A zahiri uku ne suka ɗauki tukunyar. Akwai ita basirar, wato koya wa na'ura ta gane abu daga misalai. Akwai lissafin gayya, wato raba aiki ɗaya ga ƙwaƙwale da yawa su yi shi lokaci guda. Sannan akwai lissafin tattali, wato nemo tsarin da ya fi kowane riba ko rashin ɓarna a masana'anta da sufuri. Wanda ya bi rayuwar mutanen da suka yi suna a waɗannan fagage zai ga kusan babu wanda ya shiga lokacin da ake ruwan kuɗi. Yawancinsu sun riƙe wata matsala ce tun ba ta da kasuwa, wasu kasuwar ta ci suna raye, wasu kuwa ta watse a kansu.

Mu fara da wanda ba a yi masa kiɗa.

A 1938 wasu injiniyoyi daga hukumar masana'antun katakon da ake mannawa falle-falle a Leningrad suka je wurin wani farfesan lissafi ɗan shekara 26, Leonid Kantorovich. Suna da injina da yawa da katako iri-iri, kowane inji da irin katakon da ya fi saurin yankawa. Wane katako za a ba wane inji, na awa nawa, don a sami mafi yawan kaya? Tambayar kamar ta ɗan koyo, amma da ya zauna sai ya ga lissafin da ya sani ba shi da maganinta, kuma irinta ce ke damun mai tsara jiragen ƙasa da mai raba filin noma.

Ɗauki mai gidan burodi. Yana da fulawa buhu 10, sukari buhu 1, tanderu kuma ba ya wuce awa 8 yana aiki. Yana yin babban burodi da ƙarami da kek, kowanne da abin da yake ci da ribar da yake kawowa. Kaya uku, gogaggen mutum zai lissafa da ka. In suka zama 300, ƙa'idojin da suka ɗaure shi suka kai 50, to kai ya gaza. Kantorovich ya fitar da hanyar warwarewa a wani ɗan littafi a 1939, kuma a cikinta ya ci karo da abin da ya fi amsar daraja. Lissafin yana gaya maka darajar kowane abu a cikin gidanka, ba a kasuwa ba. In tanderu ne ya tare maka hanya, ƙarin buhun fulawa ba ya ƙara maka ko sisi, ƙarin awa ɗaya ta wuta kuwa kuɗi ce tsaba. Wannan magana ce ta farashi da ƙarancin kaya, kuma a Tarayyar Sobiyet ta zamanin Stalin tana warin jari-hujja. Aikin ya kwanta kusan shekara 20. Sai a 1965 aka ba shi kyautar Lenin, a 1975 kuma ya raba kyautar Nobel ta tattalin arziki da Tjalling Koopmans.

Can Amurka, George Dantzig bai san da wannan ba. Shi ne ɗalibin da ya makara a ajin Jerzy Neyman a Berkeley a 1939, ya tarar da tambayoyi biyu a allo, ya kwafe yana zaton jinga ce. Ya kawo amsa har yana ba da haƙurin jinkiri, ashe matsaloli ne na ƙididdiga da masana ba su warware ba. An fi son ba da wannan labarin domin yana da daɗi, amma aikinsa na gaske ya zo ne daga ofis. Ya yi Yaƙin Duniya na Biyu yana tsara wa rundunar sojan sama horo da kayan aiki da na'urar lissafi ta hannu, kuma a 1947 ya fito da dabarar da ake kira simfilas. Gwajinta na farko mai girma shi ne tambayar masanin tattalin arziki George Stigler: a cikin abinci iri 77, wane haɗi ne mafi arha da zai ba mutum sinadarai 9 da jiki ke bukata har shekara? Stigler ya lalubo dala 39.93. Akawuna 9 suka duƙufa, aikin da in an haɗa ya kai kwana 120 na mutum guda, suka sami dala 39.69. Bambancin santi 24 ne kacal, amma yanzu an san tabbas babu wadda ta fi ta arha, kuma wannan tabbacin shi ne hajar da masu wannan sana'a ke sayarwa har gobe. Matatun mai ne suka fara rungumarta a shekarun 1950 wajen haɗa fetur. Da aka zo rabon Nobel na 1975, ba a sa sunan Dantzig ba, abin da ya ɓata wa shi kansa Koopmans rai.

Sana'ar ba ta sauya hali ba tun daga nan. Robert Bixby yana malamin lissafi a Jami'ar Rice lokacin da ya rubuta manhajar CPLEX a ƙarshen shekarun 1980, ta zama kamfani, ta bi hannu har ta faɗa wa IBM a 2009. A 2008 shi da abokan aikinsa biyu, Gu da Rothberg, suka buɗe wani sabo, suka yanko farkon sunayensu suka haɗa Gurobi. Irin waɗannan manhajoji ne ke tsara wane matuƙi zai ɗauki wane jirgi, da wace tashar lantarki za a kunna da asuba. Don a ga girman abin: direban da zai zaga garuruwa 10, har da nasa, ya dawo gida yana da hanyoyi 181,440 da zai zaɓa. In garuruwan suka zama 20, hanyoyin sun haura biliyan sau miliyan 60. Dantzig da abokansa biyu sun warware ta garuruwa 49 a 1954, Bixby da nasa abokan suka kai wurare 85,900 a 2006. Kamfanin kai saƙo na UPS ya shafe kusan shekara 10 yana gina tsarinsa mai suna ORION, wanda ya ce yana rage masa tafiyar mil miliyan 100 a shekara. Lissafin bai ci shekarun nan shi kaɗai ba. Gyaran taswira ya ci nasa, haka shawo kan direban da ya shekara 20 a unguwa ya yarda na'ura ta gaya masa layin da zai fara shiga. Mai binciken da ba zai iya zama gefen direba ya sha rana ba, wannan fage ba nasa ba ne.

Lissafin gayya kuwa tun farko da mai hana ruwa gudu ya taso. Gene Amdahl, ɗaya daga cikin waɗanda suka zana manyan kwamfutocin IBM, ya kafa hujja a 1967 wadda har yau ake kira da sunansa. Noma yana karɓar gayya, kowa ya kama kunyarsa. Haƙar rijiya fa? Ko mutum 100 ka tara, ɗaya ne ke shiga ƙasa, sauran sai jan guga da surutu. Kowane aikin kwamfuta yana da ɓangaren gona da ɓangaren rijiya. In kashi 1 cikin 10 na aikin rijiya ce, ko ƙwaƙwale miliyan ka zuba ba za ka ninka gudu fiye da sau 10 ba. Rayuwar mai bincike a nan ta ƙare ne a ƙoƙarin rage rijiyar, da rage lokacin da ƙwaƙwalen ke ɓatawa suna aika wa juna saƙo ko suna jiran na baya.

Danny Hillis bai ji tsoron hujjar ba. Yana ɗalibi a MIT ya zana na'ura mai ƙwaƙwale 65,536, ya kafa kamfanin Thinking Machines a 1983, har Richard Feynman mai kyautar Nobel ya riƙa zuwa yana taya su. Babban mai sayensu gwamnati ce da kuɗin tsaro. Da yaƙin cacar baka ya ƙare, aljihun ya tsuke, kamfanin ya karye a 1994. Ra'ayin daidai ne, kasuwar ce ba ta nuna ba, ma'aikatan suka watsu cikin wasu kamfanoni da iliminsu.

A kan wannan na'ura ce Philip Emeagwali, haifaffen Akure, ya yi lissafin kwararar mai a ƙarƙashin ƙasa wanda ya sa ya sami kyautar Gordon Bell a 1989, a rukunin gudu gwargwadon kuɗin da aka kashe. Nasara ce ta gaske, kuma ta isa a yi alfahari. Amma mu da son kambamawa, ba mu tsaya nan ba. Bayan Bill Clinton ya yabe shi a Abuja a 2000, sai littattafan makaranta da masu kacici-kacici suka naɗa shi uban intanet, alhali an haɗa tushen intanet a 1969 yana ɗan shekara 15, ƙa'idojinta kuma Vint Cerf da Bob Kahn ne suka wallafa a 1974. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, a jami'ar da ya yi karatu, Michigan, kusan lokaci guda, akwai wani ɗan asalin Najeriya da ba kasafai ake jin sunansa a gida ba. Kunle Olukotun ya gama digirin digirgir a 1991 ya koma Stanford. Lokacin da kowa ke tseren ƙara wa ƙwaƙwalwa ɗaya gudu, shi ya ce a zuba da yawa a kan ɗan falle guda. Ya kafa kamfani ya sa masa suna Afara, wato gada da Yarabanci, Sun Microsystems ta saye shi a 2002, aka fitar da ƙwaƙwalwar Niagara mai ciki 8 a 2005. A daidai lokacin ne tseren gudun ya ci tura, domin fallen ya fara zafin da ba a iya sanyayawa. Duk masana'antar ta juyo hanyarsa. Wayar da ke aljihunka, in an ce tana da ciki 8, zuriyar wannan tunani ce.

Ita basirar ma ta sha fari, wanda Turawa ke kira hunturu. Frank Rosenblatt ya nuna na'ura mai kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa a 1958, jaridu suka yi ta zuzutawa. A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert suka nuna iyakarta, a 1973 rahoton Lighthill ya sa Birtaniya ta rage kuɗin fagen. A cikin wannan farin ne Geoffrey Hinton ya yi digirinsa na uku a Edinburgh a kan abin da kusan kowa ya yafe. A 1986 shi da David Rumelhart da Ronald Williams suka yaɗa hanyar koyar da raga mai hawa-hawa. Shekara ɗaya bayan haka ya bar Amurka zuwa Toronto, wani ɓangare don ba ya son cin kuɗin soja. Yann LeCun ya gina ragar da bankuna suka yi amfani da ita wajen karanta lambobin cak. Duk da haka, har farkon shekarun 2000 maƙalar da ta ambaci ragar jijiyoyi tana shan wuya kafin a karɓe ta a taro.

Koyar da ragar nan, in an tuɓe mata riga, lissafin tattali ne. Mutum ne a kan tsauni cikin hazo, ba ya ganin gabansa, yana laluben gangara da ƙafa, taku bayan taku, yana neman kwari. Tsaunin shi ne yawan kuskure, kowane taku kuma gyaran lambobi miliyoyi ne. Augustin Cauchy ya bayyana dabarar tun 1847. Abin da aka rasa shi ne misalai masu yawa da ƙafafu masu sauri. Misalan sun zo daga Fei-Fei Li, wadda ta yi karatu a Princeton tana taya iyayenta aiki a shagon wanki da guga a ƙarshen mako. Ta tara hotuna miliyoyi a rumbun ImageNet, dubban 'yan ƙwadago a intanet suka liƙa wa kowanne suna a kan 'yan santoci. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ƙafafun kuwa daga wasan yara suka fito. Katin da Nvidia ke ƙerawa don wasan bidiyo cike yake da ƙananan ƙwaƙwale masu zana ɗigon hoto lokaci guda, kuma Ian Buck, wanda ya fara tunanin yana ɗalibi a Stanford, ya jagoranci manhajar CUDA da ta buɗe katin ga kowane irin lissafi.

A 2012 ukun suka haɗu a ɗakin kwanan wani ɗalibi. Alex Krizhevsky ya sa irin katin nan guda 2, na kanti, a kwamfutarsa a gidan iyayensa a Toronto. Kwana 5 zuwa 6 suna ruri suna cin hotuna miliyan 1.2. Da aka buɗe sakamakon gasar ImageNet, kuskurensa kashi 15.3 cikin 100 ne, na biyu yana 26.2. Cikin 'yan watanni Google ta sayi kamfanin mutum uku, shi da Ilya Sutskever da malaminsu Hinton, a kan kuɗin da aka ruwaito dala miliyan 44 ne. Hinton yana da shekara 65. Kyautar Turing ta 2018 ta biyo baya, Nobel ta kimiyyar fiziya kuma a 2024.

Daga nan sana'ar ta sauya fata. Tsohuwar hanyar tana nan: digiri na farko mai ƙarfin lissafi, shekara 4 zuwa 6 na digirin digirgir ƙarƙashin malami, 'yan shekarun ƙwadago a ɗakin binciken wani, sannan neman kujera da tallafi. A wannan fage taro ya fi mujalla daraja, kuma manyan taruka irin NeurIPS kusan ɗaya cikin huɗu suke karɓa. Ɗalibi yakan kwana yana kallon layin yawan kuskure a allo, yana addu'a ya gangara, da asuba ya tarar kuskuren harafi ɗaya ya cinye masa mako. Abin da ya sauya shi ne wa ke da garma. Gwajin da kati 2 suka yi a 2012 yanzu dubban katuna yake ci da lantarkin gari guda, kuma jami'o'i kaɗan ne ke da wannan ƙarfi. Sai malamai suka bi injin. Maƙalar 2017 da ta haifi manhajojin hira na yau ma'aikatan Google 8 ne suka rubuta ta, kuma cikin shekara 6 duk sun bar kamfanin, yawancinsu don su kafa nasu. Albashi ya yi sama, amma mai abinci shi ke da magana. Timnit Gebru, haifaffiyar Addis Ababa, ta rabu da Google a Disamban 2020 a kan wata maƙala da ta yi gargaɗi game da manyan manhajojin harshe. Ita ta ce korarta aka yi, kamfanin ya ce murabus ɗinta ya karɓa. Hinton da kansa ya ajiye aiki a 2023 don ya sami sakin baki a kan haɗarin abin da ya yi wa raino.

Ga ɗan Afirka akwai ƙarin shinge. A 2018 da 2019 an hana masu bincike da yawa bizar Kanada ta halartar taron NeurIPS, wasunsu an ma karɓi maƙalunsu a taron. Amsar da aka bayar ita ce gina na gida: taron Deep Learning Indaba da aka fara a Johannesburg a 2017, digiri na biyu na AMMI a Kigali a 2018, ƙungiyar Masakhane mai aiki a kan harsunan Afirka, da 'yan HausaNLP da suka taimaka aka tantance dubban saƙonnin Twitter na Hausa da hannu a rumbun NaijaSenti. Babban taron ICLR ma ya sauka Kigali a 2023. Wannan aiki irin na Fei-Fei Li ne, tara misalai, kuma babu wanda zai yi wa Hausa shi da kyau in ba mai jin ta ba.

Ni dai in matashi ya tambaye ni, ba na ɓoye masa cewa a cikin ukun, lissafin tattali ne ƙofarsa ta fi kusa. Ba ya bukatar katuna dubu. Tambayar Stigler da ta cinye wa akawuna 9 makonni, tsohuwar kwamfutar cinya za ta gama ta kafin ka sauke kofin shayi, kuma akwai manhajoji na kyauta. Abin da ya yi ƙaranci shi ne irin tafiyar da injiniyoyin Leningrad suka yi, daga masana'anta zuwa ofishin malamin lissafi, ko akasin haka. Na taɓa tsayawa a wani defo da ake lodin kaya da sassafe. Manyan motoci sun fi 20, mai tsara su yana zaune a benci da dogon littafi da biro, waya biyu a cinya, yana raba garuruwa da ka. Ya san wace gada ce ta karye, wane direba ne ba ya tafiyar dare, wace kasuwa ce ke ci ranar Laraba. Na tambaye shi yadda yake sanin tsarinsa ne ya fi tsimin gas. Ya dube ni, ya ce motocin dai suna dawowa, sannan ya ɗaga hannu ya kira na gaba.